YADDA ZA KA YI AIKI DA MAI ZANEN GINI DOMIN SAMUN INGANTACCEN SITON HATSI

Gabatarwa

Da zarar kaka ta yi, kasuwannin hatsi kan cika su batse, farashi kuma ya faɗi. A mafi yawan shekaru, sai an shiga bazara zuwa tsakiyar damina sannan hatsi ke yin daraja. Manomin da ke da wurin ajiya mai kyau shi ne ke iya jiran wannan lokaci. Wanda ba shi da shi kuwa dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa. Wannan ne ya sa manoma da yawa, da ƙungiyoyin gama kai, da 'yan kasuwar hatsi suka karkata ga gina sito na bulo da siminti, domin rumbun gargajiya ba zai ɗauki ɗaruruwan buhuna ba.

Sai dai kuma sito ba bango huɗu da rufin kwano ne kawai ba. Idan aka gina shi ba bisa tsari ba, danshi zai riƙa tasowa ta daɓe, zafi ya taru a ƙarƙashin kwano, ɓeraye su sami mashiga, ƙwari kuma su sami maɓoya a tsagar bango. Mai irin wannan sito yakan ƙare ga yawan zuba magani a cikin hatsi domin ya tsirar da jarinsa, wannan kuwa wata ɓarnar ce ta daban. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Haka nan masara ko gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna takan ɗauki gubar afalatoksin, mai illa ga hantar mutum da dabba, kuma kamfanonin abinci da na abincin kaji ba sa sayen irinta.

Yawancin waɗannan matsaloli tun a kan takarda ake magance su, kafin a haƙa harsashin gini. Hausawa na cewa, tun ran gini ran zane. Wannan jagora zai nuna maka yadda za ka yi aiki da ƙwararren mai zanen gini daga zaman farko har ranar karɓar makulli. Abin da za ka riƙe shi ne: shi ya san gini, kai kuma ka san sana'arka. Ba a samun sito mai kyau sai an haɗa sanin nan biyu.

Su wane ne ƙwararrun, kuma mene ne aikin kowa?

Jama'a kan kira duk wanda ya zo wurin gini riƙe da takarda da suna "injiniya", amma aikinsu ya bambanta:

1. Mai zanen gini, wato akitek: shi ke tsara fasalin ginin, girmansa, inda ƙofofi da tagogin iska za su kasance, da yadda zai zauna a cikin fili. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi musu rajista.

2. Injiniya: shi ke lissafin ƙarfin harsashi, daɓe, ginshiƙai da rufi. Akwai kuma injiniyan aikin gona, wanda ya karanci gine-ginen gona da ajiyar amfani. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista.

3. Mai ƙididdigar kayan gini: shi ke fitar da yawan siminti, bulo, rodi, katako da kwanon da aikin zai ci, da kuɗinsu.

4. Ma'aikacin safiyo: shi ke auna fili, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswirarsa.

5. Magini ko ɗan kwangila: shi ke aiwatar da abin da aka zana.

A ƙaramin aiki ba lallai ne ka ɗauki kowannensu daban ba. Sau da yawa mutum ɗaya, akitek ko injiniya, shi ke jagorantar zanen, ya nemi taimakon sauran inda ya dace. Shi ne muke kira mai zane a cikin wannan jagora. Amma yana da kyau wanda ya yi zane kuma yake duba aiki ya zama daban da wanda ya karɓi kwangilar gini. Idan mutum ɗaya ne ke gini kuma shi ne ke duba kansa, babu mai gaya maka ranar da aka rage siminti.

Yadda za ka zaɓi mai zane

Ba duk wanda ya iya zana gidan kwana ne ya san sito ba. Gidan kwana yana son manyan tagogi, silin da ɗakuna da yawa. Sito kuwa yana son fili ɗaya buɗaɗɗe, bango mai santsi, da ƙananan kafofin iska masu raga. Saboda haka:

1. Tambaye shi ko ya taɓa zana sito ko wani ginin gona. Nemi ya nuna maka, ka je da ƙafarka ka gani, musamman da damina. Yi magana da mai ginin ba a gaban mai zanen ba.

2. Nemi lambar rajistarsa, ka tabbatar da ita a wurin hukumar da ta ba shi. Hukumomin tsara birane kan nemi hatimin mai rajista kafin su amince da zane, haka ma bankuna idan rance za ka nema.

3. Lura da yadda yake saurare. Wanda ya ciro tsohon zane daga jaka tun kafin ya ji abin da za ka ajiye, zanen wani zai sayar maka. Na ƙwarai yakan fi ka yawan tambaya a zaman farko.

4. Tambaye shi kai tsaye ko yana da wata alaƙa ta kuɗi da ɗan kwangila ko mai sayar da kayan ginin da zai ba ka shawarar ka yi hulɗa da su.

Idan mai zanen bai ƙware a fannin ajiya ba, haɗa shi da malamin gona na yankinku, ko ku nemi shawara a Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, wato NSPRI, mai hedikwata a Ilori da rassa a Kano, Ibadan, Legas da wasu garuruwa.

Bayanan da za ka shirya kafin zaman farko

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abubuwan da mai zane ba zai taɓa sani ba sai ka faɗa masa. Zauna ka rubuta amsar waɗannan tambayoyi, ko ka sa a rubuta maka, ka miƙa masa:

1. Wane irin amfani za ka ajiye? Masara, dawa, gero, wake, waken suya, gyaɗa ko shinkafa shanshera? Iri ɗaya ne ko iri-iri? Kowane iri yana buƙatar jerinsa daban.

2. Buhu nawa, kuma mai nauyin kilo nawa? Faɗi mafi yawan abin da zai taru a lokaci guda, ba jimillar abin da ke shiga da fita a shekara ba.

3. Wata nawa kayan za su zauna?

4. Da me kaya ke zuwa, da me suke fita? Amalanke, a-kori-kura ko tirela? Tirela mai ɗaukar tan 30 tana buƙatar hanya mai ƙwari da filin juyawa.

5. Busasshen hatsi kake saye, ko kai za ka ƙarasa shanya shi? Sito ba ya busar da hatsi. Masara ba ta shiga ajiya lafiya sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, shanshera kashi 14, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Idan kai za ka shanya, a sa dandamalin shanya a cikin tsarin.

6. Ta wace hanya za ka kare hatsin daga ƙwari? Idan turaren fostoksin za a riƙa yi a ƙarƙashin tamfol, dole a bar hanyar zagaya kowane jeri, kuma siton ya yi nesa da ɗakunan kwana da garken dabbobi, domin hayaƙinsa yana kisa. Idan kuwa buhu mai leda biyu a ciki za ka yi amfani da shi, irin buhun PICS da aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, to babban abokin gabarka ɓera ne, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin buhun.

7. Akwai wasu ayyuka da za a yi a wurin, kamar awo, sheƙa, ɗinkin buhu, ofis ko ɗakin mai gadi? Taki da magungunan feshi ba sa zama ɗaki ɗaya da abinci, sai a ware musu nasu.

8. Nawa ne a hannunka, nawa kake sa ran samu, kuma yaushe?

9. Kana da niyyar faɗaɗawa nan da shekara biyar?

Game da kuɗi, faɗi gaskiya. Wasu kan ɓoye abin da ke hannunsu don tsoron kada a cinye, wasu kuma kan ƙara don kada a raina su. Duka biyun cutar kai ne. Wanda ya rage zai sami zanen da bai ishe shi ba. Wanda ya ƙara kuwa zai tsaya a linta, damina ta same shi babu rufi, jarin sayen hatsi kuma ya maƙale a cikin bulo. Ka tuna cewa sito ba shi ne sana'ar ba, hatsin da ke ciki shi ne. Kada ginin ya cinye kuɗin da za a cika shi da su.

Idan ƙungiya ce ke ginin, ku gama muhawararku a taro, ku rubuta matsaya, sannan ku naɗa mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa magana da mai zane. Idan shugaba ya ce a yi ƙofa gabas, ma'aji ya kira waya ya ce yamma, aikin ba zai yi gaba ba.

Misalin lissafin girman sito

Yana da kyau ka san yadda ake fitar da girman sito, domin ka fahimci abin da mai zane zai kawo maka. Ana auna wurin da kaya ke ci da kubik mita, wato sarari mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi. Tan ɗaya na masara ko dawa a cikin buhu yana cin kimanin kubik mita 1.8, wake 1.3, gero 1.25, waken suya kuwa 2.

A ce kana son ajiye buhu 1,000 na masara, kowane mai kilo 100. Wannan tan 100 ke nan, zai ci kubik mita 180. Idan tsayin jeri mita 3 ne, buhunan za su zauna a kan murabba'in mita 60. A raba su jeri biyu, kowane mita 6 a tsawo, mita 5 a faɗi. Sai a bar mita ɗaya tsakanin jeri da bango ta kowane gefe domin dubawa da shara, a bar mita 3 a tsakiya domin shiga da fitar da kaya. Cikin ginin zai zama mita 17 a tsawo, mita 7 a faɗi, wato murabba'in mita 119. Sannan a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin saman jeri da rufi, don haka bango zai haura mita 4.

Ka ga ke nan kusan rabin daɓen babu buhu a kansa. A nan ne masu gini da yawa kan yi gardama da mai zane, suna ganin ɓarnar wuri ce. Ba ɓarna ba ce. Buhun da ya jingina da bango yana shan danshi, ba a ganin ɓarnar ɓera a bayansa, kuma ba a iya rufe shi da tamfol. Lura kuma da nauyi: kowane murabba'in mita da ke ƙarƙashin jeri zai ɗauki fiye da tan ɗaya da rabi. Daɓen ɗakin kwana ba zai jure wannan ba, zai tsage, tsagar kuma ta zama gidan ƙwari.

Ku ziyarci filin tare

Kada ka yarda da zanen da aka yi ba a taka filin ba. Ku je tare, ka gayyaci wani dattijo da ya daɗe a wurin. A nan saninka ya fi nasa amfani. Nuna masa:

1. Inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya da damina. Wurin da yake busasshe ƙarau a watan Fabrairu yana iya zama tafki a watan Agusta. Idan yankinku na kusa da kogi, nuna masa iyakar da ruwa ya kai a manyan ambaliyar 2012 da 2022.

2. Ta inda hadari da iska mai ƙarfi ke zuwa. A arewacin ƙasar nan guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ita ce kuma ke yaye kwano. Wannan zai taimaka masa wajen sa ƙofa da ɗaure rufi.

3. Halin ƙasar wurin. Baƙar ƙasa mai yumɓu, irin wadda ake samu a sassan Barno, Gwambe da Adamawa, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana fasa gini. Haka ma tsohon kududdufi ko jujin da aka cike. Idan ya ce a gwada ƙasa, kada ka ga kuɗin gwajin a matsayin asara.

4. Gidajen gara, juji, da manyan itatuwan da rassansu za su zama gadar ɓera zuwa rufi.

5. Halin hanya da damina.

Ka tabbata takardun filin sun cika, da taswirar safiyo, kafin a fara zane. Ku kuma amince a kan wanda zai kai zanen hukumar tsara birane ko ƙaramar hukuma domin samun izinin gini.

A rubuta yarjejeniya

Ko da mai zanen ɗan'uwanka ne, a rubuta. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke kare zumunci. Yarjejeniyar ta ƙunshi:

1. Ayyukan da zai yi: zanen farko, cikakken zane, lissafin injiniya, takardar ƙididdigar kaya, neman izini, da duba aiki. A fayyace wanda ke cikin kuɗin da wanda ba ya ciki.

2. Kuɗinsa da yadda za a biya. A biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka karɓi wani abu a hannu.

3. Ranar da zai kawo kowane abu, da kwanakin da kai ma za ka ɗauka kafin ka ba da amsa. Jinkiri ba daga gefe ɗaya kaɗai yake zuwa ba.

4. Sau nawa za a gyara zane ba tare da ƙarin kuɗi ba.

5. Sau nawa zai zo duba gini, a waɗanne matakai, da wanda zai biya kuɗin mota.

6. Cewa za ka sami kofin dukan zane-zanen da hatiminsa a kai.

Yadda za ka duba zane

Kada kunya ta sa ka ce "ya yi" alhali ba ka gane ba. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji. Yawancin zanen gini a kan ma'aunin 1:100 ake yin sa, wato santimita ɗaya a takarda daidai take da mita ɗaya a ƙasa. Za a ba ka zanen da ke nuna zaman ginin a cikin fili, da wanda ke nuna cikinsa kamar an ɗauke rufi ana kallo daga sama, da na fuskokinsa huɗu, da wanda ke nuna shi kamar an yanka shi gida biyu. Nemi a zana jerin buhuna a cikin zanen, ka ƙirga da kanka.

Hanya mafi sauƙi ta gane zane ita ce a fitar da shi a ƙasa. Ku je fili da turaku da igiya, a kafa kusurwoyi, a ja layin ƙofa da na jeri. Shiga ka zagaya. Kira 'yan dakon da za su yi aiki a wurin, da direban da ya saba kawo maka kaya, ka ji ta bakinsu. Sau da yawa su ke fara ganin ƙofar da ta yi ƙunci ko kwanar da mota ba za ta iya sha ba.

Ga abubuwan da za ka nema a cikin zanen, ka tambaya idan ba ka gan su ba:

1. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin rana ta fi dukan gajerun bangaye, zafi ya ragu.

2. Daɓe ya ɗara ƙasar waje tsayi, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa domin tare danshi.

3. Babu ginshiƙi a tsakiyar ɗaki. Yana hana jeri da rufa tamfol.

4. Bango mai filasta sumul ciki da waje, kusurwoyin ciki a lanƙwashe domin sauƙin shara, waje kuma farin fenti.

5. Bakin rufi ya zarce bango da kimanin mita ɗaya, da magudanar da za ta kai ruwa nesa da harsashi.

6. Kafofin iska a sama, ƙarƙashin bakin rufi, masu ragar ƙarfe, waɗanda ake iya buɗewa da rufewa. Wannan ya fi muhimmanci a yankunan da iska ke da laima, inda ake rufe su idan gari ya yi danshi, a buɗe idan ya bushe.

7. Ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ratar milimita 6, kimanin kaurin fensir. A toshe kuma tsakanin saman bango da kwano.

8. Katakon da za a ɗora buhuna a kai, domin kada su taɓa daɓe, a sa shi a cikin lissafin kuɗi.

Duk gyaran da kake so, yanzu ne lokacinsa. Matsar da ƙofa a takarda aikin minti kaɗan ne. Matsar da ita bayan an zuba linta kuwa sai da guduma da sabon siminti.

Idan kuɗin ya fi ƙarfinka

Ya zama ruwan dare ƙididdiga ta fito ta haura abin da aka tanada. Kada ka karɓi zanen ka tafi ka rage da kanka tare da birkila. Koma wurin mai zane ku rage tare, domin shi ya san abin da za a taɓa ba a yi illa ba. Ana iya jinkirta ofis, katanga, fenti na ado ko rabin tsawon ginin. Idan an san za a ƙara nan gaba, sai ya tsara bangon ƙarshe yadda za a iya ci gaba daga nan. Amma ba a rage ledar ƙarƙashin daɓe, kaurin daɓe, yawan rodi, ingancin kwano, ko ragar kafofin iska. Araha ba ta ado. Ƙaramin sito mai kyau ya fi babba mai yoyo.

Ka lura takardar ƙididdiga ta nuna yawan kaya daban, farashi daban, da ranar da aka yi ta. Kowa ya ga yadda farashin siminti, rodi da kwano ya yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024. Yawan kaya ba ya canzawa, farashi ne ke canzawa. Ware kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin domin abin da ba a zata ba. Idan za ka nemi farashi daga 'yan kwangila, ba kowannensu zane ɗaya da ƙididdiga ɗaya, sannan ka sa mai zane ya taya ka kwatantawa. Wanda ya fi kowa sauƙi ba lallai ne ya fi kowa gaskiya ba.

Lokacin gini

A nan ne aiki mai kyau kan lalace. Magini zai ce, "Alhaji, wannan rodin ya yi yawa, mun saba yi da rabinsa." Maƙwabci zai zo da tasa shawarar. Ƙa'idar da za ka bi ɗaya ce: ba a canza komai a gini sai mai zane ya sani, ya amince a rubuce, kuma an faɗi abin da canjin zai ƙara ko ya rage na kuɗi da lokaci. Ajiye littafi a wurin aiki, a riƙa rubuta kowane umurni da kwanan wata da sa hannu. Abin da aka faɗa ta waya a maimaita shi a rubutaccen saƙo. Kai ma kada ka riƙa ba leburori umurnin da ya saɓa wa zane.

Akwai matakan da ba a wucewa sai mai zane ya gani da idonsa, domin da zarar an rufe su ba a sake ganinsu:

1. Bayan an ja layi an kafa turaku, kafin haƙa.
2. Bayan haƙa harsashi, kafin zuba kankare.
3. Bayan an daddale cikon ƙasa an shimfiɗa leda da rodi, kafin zuba daɓe.
4. Bayan ɗaura rodin ginshiƙai da linta.
5. Bayan kafa katako ko ƙarfen rufi, kafin buga kwano.

Sanar da shi kwana biyu ko uku kafin kowane mataki. Ɗauki hotuna da wayarka ka aika masa, amma hoto ba ya maye gurbin zuwansa. A riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kuma ka sani ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Kada ka biya ɗan kwangila kuɗin wani mataki sai mai zane ya tabbatar an kammala shi. Kai kuma ka cika naka alkawarin: biya a kan lokaci, amsa tambaya da wuri. Idan saɓani ya taso, ku koma ga takardar bayanan farko da yarjejeniya, ba ga wanda ya fi ɗaga murya ba.

Tsara lokaci yadda ginin zai ƙare wata biyu ko fiye kafin kaka. Sabon daɓe da sabon filasta suna ɗauke da ruwa mai yawa, hatsin da aka zuba kafin su bushe shi zai shanye danshin.

Karɓar aiki

Ranar karɓa, ku zagaya ku uku: kai, mai zane da ɗan kwangila. Shiga ciki da rana tsaka, a rufe ƙofa da kafofin iska. Duk inda ka ga haske yana shigowa, ruwa ko ɓera ko tsuntsu zai iya shigowa. Duba tsaga a daɓe da bango, gwada ƙofofi, zuba ruwa a magudana ka ga inda ya nufa. A rubuta duk abin da ya rage, da ranar gyara shi. A kwangilar gini an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har tsawon wata shida domin gyaran aibin da zai bayyana. Nemi a sa wannan tun a yarjejeniya, kuma wa'adin ya haɗa da damina, domin ita ce ke tona asirin rufi. Daga nan ka karɓi zanen ƙarshe mai nuna duk canjin da aka yi, ka adana shi tare da takardun fili. Ranar faɗaɗawa ko neman rance za ka neme shi.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai zane ba zai san yawan buhunanka, halin filinka da ƙarfin aljihunka ba sai ka gaya masa. Kai ma ba za ka san kaurin daɓe da ƙarfin rufi ba sai ka saurare shi. Ba shi cikakken bayani, ku rubuta yarjejeniya, fahimci zane kafin a haƙa harsashi, kada kuma a canza komai a bayan idonsa. Kuɗin da za ka biya shi kaɗan ne idan aka kwatanta da darajar hatsin da siton zai riƙe shekara da shekaru. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiharku. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kuma tsare abin da aka girbe.